Hular Yallaɓai Tana Bakin Aiki

Gizo-gizo ya yi saƙa daga bakin hular zuwa kwalbar ruwan da ke gefenta. Hular tana kan teburin Yallaɓai Mai Girma, a wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba, domin ina so in ci gaba da zama a Mubi.

Maƙwabciyarmu Mama Margret ce ta ja ni can. Tsutsa ta shiga gonar masararta a Bahuli, masarar da take ci da jikokinta shekara guda, an kuma ce an kawo maganin feshi kyauta. Ta ce, "Ke kin yi jami'a, zo ki yi musu Turanci." Ba ta san ko a aji sai malami ya maimaita sunana nake amsawa ba.

Maganin yana nan. Ana hango jarkokinsa ta tagar sito. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, domin ƙofar kwaɗo biyu gare ta.

Malam Mahmoud, mai riƙe da makullin kwaɗon sama, ya karɓe mu da fara'a. "Mama, nawa ga shi. Na ƙasa yana wurin Derrick."

"Derrick ɗin yana ina, ɗana?"

"Ga shi can yana cin gyaɗa. Amma ba zai buɗe ba sai Yallaɓai ya ce."

"To Yallaɓai fa?"

Ya nuna teburin da leɓe. "Bai yi nisa ba. Ba ki ga hularsa ba?"

Ni dai sai na ji daɗi, domin duk abin da muka haddace a darasin tsarin mulki na gan shi da idona. Rabon aiki: kowa da kwaɗonsa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Bin matakin shugabanci: na ƙasa ba ya motsi sai na sama ya yi tari. Miƙa iko kuwa, littattafanmu sun ce a miƙa wa mataimaki. Yallaɓai, Allah ya ƙara masa basira, ya wuce littafi, ya miƙa wa hula. Kuma a yaba mata: ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa yi wa talaka tsawa ba.

Mama ta ce, "Ɗana, tsutsan nan ba ya hutawa fa. Kafin Lahadi ya gama da ni."

Derrick ya kakkaɓe hannu. "Kwantar da hankali, Mama. An kafa kwamitin hanzarta rabo."

"Wa ke shugabanta?"

Su duka suka dubi hular.

Mama ta zungure ni in yi Turancin. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Sannunku da aiki." Suka amsa da jin daɗi.

Laifin na tsutsa ne, in kun tambaye ni. Ba ta yi karatu ba, kowace sai ta hau ganye ta kama ci ba tare da izinin na gaba da ita ba.

Mama Margret ta kwance bakin zanenta, ta fito da ganyen masarar da ta tsinko don shaida, duk huji, tsutsar na motsi a ciki. Ta ajiye shi a hankali kusa da hular, ta ɗan rusuna mata, ta gyara ɗankwali ta fita.