Sunan da Kubura Ba Ta Faɗa

Kubura tana zaune a bakin gado tana zizara kwalli, ba madubi, don madubi ya daɗe da daina gaya mata komai. Sai ta ji ana jan takalmi a tsakar gida. Ta san takun. Ɗantsoho ne, ɗan kawunta, taubashin da tun suna yara a Zango bai taɓa wuce ta bai tsokane ta ba. Shekaru sun rusunar da su duka biyun, amma bakin bai tsufa ba.

"Gajiya ta bi lafiya, masu gida," ya ce daga bakin ƙofa. "Ko da yake ba kowa. An ce baiwata ta tafi Kanada."

"Shigo, tsohon banza. Wa ka taɓa saya balle ka yi baiwa?"

"A'a, muryar Kubura nake ji? Har an je an dawo? Ina tsarabar ƙanƙarata?"

"Da wane haƙorin za ka tauna?"

Ya shigo ya zauna a kan tabarma, gwiwoyinsa suna ƙara. A saman akwati takardar tana nan inda aka ajiye ta kwana uku da suka wuce. Ba wanda ya sake taɓa ta.

Ɗanta na fari, Harisu, ya bar Daura a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar. Karatu ya tafi, karatu ya zama aiki, aiki ya zama zama. Yanzu ciwon ƙoda ya ɗaure shi a jikin na'urar asibiti sau uku a mako, ba shi da halin doguwar tafiya. Ita kuma likitan ido ya gaya mata hasken da ya rage mata ba zai kai damina biyu ba. Shekara biyu Harisu ya yi yana cika takardu don a ba uwarsa izinin zama a wurinsa. Aka kira ta ganawa a ofishin jakadancin Kanada. Takardar nan ita ce amsa: ba su gamsu cewa ita ta haife shi ba.

"Ni fa har yau abin bai shiga kaina ba," in ji Ɗantsoho. "An ɗauke ki a mota daga Daura har Abuja, an zaunar da ke a ɗaki mai sanyi, an yi miki tambayar da ko akuya za ta amsa."

"Akuya ba ta da kunya. Shi ya sa kuke shiri."

"Baturiya ta ce, ya sunan ɗanki. Me kika ce?"

"Na ce yana rubuce a gabanta."

"Ta ce, ɗanki ne?"

"Na ce ɗan Yelwa ne. Ƙarya na yi? Yayata ce ta ɗauke shi ran yaye, ita ta raine shi a Sandamu, ita ta kai shi makaranta. Da tana da rai da ta ba su amsa."

"Sau uku aka tambaye ki. An ce tafinta har gumi ya yi."

"Ɗan fari ne, Ɗantsoho. Ga baƙi, ga maza a tsaitsaye, in buɗe baki in ce nawa ne, in kama sunansa kamar mai kiran kaji? Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan Yelwa ba."

"Goggo ba ta nemi zuwa Kanada ba. Iyakarta kasuwar Mai'adua."

"Kai ko can sai an riƙe maka hannu."

"Ni da ni aka kira, da yanzu ina can na auri Baturiya mai gidan sama. In aiko miki da hoto ki mutu da haushi."

"Ta aure ka ta yi me da kai? Ta kafa ka a gona ka kori tsuntsaye?"

Ya yi dariya har da tari. Da tarin ya lafa sai aka ji kukan kurciya a kan katanga.

"Jiya Harisu ya bugo mini," ya ce, muryarsa ta sauka. "Ya ce zai sake nema, wannan karon da gwajin jini. Sai dai layin yana da tsawo."

"Tsawon me?"

"Ya ce shekara biyu. Ko ta ɗara."

 Ta rufe tandun kwalli, ta juya shi a tafin hannunta.

Ɗantsoho ya fizgo gyalenta daga kan gado ya yafa a kan hularsa, ya matse hanci.

"To, a fara koyo tun yanzu. Ni ce Baturiya. Hajiya, wa gare ki a ƙasarmu?"

"Kai, Baturiya da gemu."

"Amsa za ki ba ni. Wa gare ki?"

Kubura ta dubi inda muryar take fitowa. Abin da take gani inuwa ce kawai mai gyale.

"Akwai wani," ta ce a hankali. "Ran Laraba aka haife shi, ana yayyafi, gero ya fara kunno kai. Yana da tabo a bayan kunnen hagu, inda kaskon turare ya ƙone shi. Ran da aka tafi da shi ya yi kuka tun daga zaure har bakin kuka. Ina bayan rumbu ina ji. Ban fito ba, don kada a ce na damu. Kwana tara nonona yana zuba, ina ɓoye zani."

"Suna, Hajiya. Suna muke so."

Ta buɗe baki. Leɓenta ya motsa, numfashi ya fito, sunan ya tsaya a inda ya saba tsayawa shekara arba'in da ɗaya. Ta sunkuyar da kai.

Ɗantsoho ya cire gyalen a hankali, ya ninke shi, ya ɗora mata a cinya. Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba.

"Kin ci ni, 'yar Goggo. Ni ma da nake kiran sunan nasa kullum, ban san yana da tabo ba."

Ya laluba aljihu ya fito da goro fari guda, ya sa mata a hannu. Ta shafa shi da babban yatsa.

"Ya bushe. Kai komai naka ya bushe."

Ta dafa gado ta miƙe, ta miƙa hannu har ya sami bango. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"In wancan ɗin ya sake bugowa, ka ce ya bar wahalar da kansa da takardu, ya ji da jikinsa. Ka ce ya aiko hoto babba. Na bara ya yi mini ƙanƙanta."

Ta ɗaga labule ta fita, tana bin bango da hannu.