Cinyar Ragon Surukina

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na dafa naman surukina a cikin firiji ba. E, a firiji na ce, ba a tukunya ba. In dariya za ku yi ku yi, 'yan unguwarmu ta Kilomita Biyar sun riga ku, har sun gaji.

Ni dai mutum ne da duniya ba ta taɓa yi wa fara'a ba. Boko ban yi nisa ba na watsar. Na sayar da atamfa, ta kwanta. Na koma batir da tocila, shagon ya tafi a hargitsin da kowa ya sani. Abin da ya rage mini sai zafin rai da zargi, na biyun kuwa ina da shi buhu-buhu. In ka yi mini murmushi sai na laluba aljihuna.

To, wani munju (Bature ke nan a Sango, yaren mutanen garin nan) da zai koma ƙasarsu ya bar wani ɗan ɗaki mai taya, irin wanda suke ɗaura wa mota su shiga daji su kwana a ciki. Karaban suke ce masa. Ya bi hannu ya bi hannu har ya faɗo nawa, tayoyi a sace, rufi na yoyo. Na sa aka turo shi wani lungu a bayan Titin Koudoukou na mai da shi kantin ruwan sanyi da lemo. Abin da ya ja ni gare shi ɗan firijin da ke ciki ne, wanda da gas yake aiki. A garin da wuta take zuwa kamar baƙuwa, ta gaisa ta tashi, mai firijin da babu ruwansa da wuta ai sarki ne.

Sai dai sanyin nasa na randa ne. Da safe ruwa ya yi daɗi, azahar na yi ya koma kamar na alwala.

Maƙwabcina a lungun shi ne Abakar mai ƙanƙara, haifaffen nan, Hausarsa rabi Sango. Bayan firijina rumfarsa yake kallo, kuma a jikin karaban ɗin ta wajen akwai wasu tagogi biyu masu raga, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Wata rana ya leƙo yana goge hannu, ya ce, "Ita," wato ɗan'uwa a Sango, "abin nan numfashi yake so fa. Ta ƙasa iska ke shiga, ta sama zafi ke fita. Share masa yanar nan, ka kafa buhu ka tare masa rana. In ka samu ɗan fanka ka sa a ta saman, sai ka ba da labari."

Na ce masa na gode. A raina kuwa na ce, yau ga kura ta zo neman aikin kiwon awaki. Mai sayar da ƙanƙara zai so firijina ya yi sanyi? Shi ya ci me? Nan take na kafa wa kaina doka: duk abin da Abakar ya ce, a kifar da shi a yi akasinsa.

Na zauna na yi nazari irin namu na masu rabin boko (mun fi jahili haɗari, don mu muna da hujja). Na ce, ɗakin da taga ke buɗe sanyi yana zama a ciki? Ta nan sanyina ke zurarewa, ƙila ma rumfar Abakar yake tafiya. Ban da haka, taga biyu suna kallon maƙiyi, ai ƙofar sammu ce. Ranar da ya tafi saro ƙanƙara na kwance ragar, na ɗura tsummokara har sai da wurin ya ƙi karɓa, na mayar, na bi da kwali.

Firiji ya ƙara lalacewa. Kun ɗauka na yi shakkar aikina? Ko kusa. Cewa na yi, ahaf, mutumin ya ga an toshe masa hanya ya canja malami. Maiɗakina Hajara ta ce, "Malam, anya ba tsumman nan ba ne? Da can ai ya fi haka." Na ce, "Ke ma ya saye ki? Da ƙanƙarar nawa?" Ta koma kan aikinta.

Ana nan Sallah ta zo. Surukina Alhaji babban dillalin shinkafa ne a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma tun da na auri 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "mijin Hajara", kamar wata sana'a ce. A shekarar nan Hajiya, surukata, ta maƙale a hanyar Kamaru, motocin kaya sun yi jinkiri, Sallah ta same ta a can. Likita kuwa ya hana ta soyayyen nama. Muna zaure ana fiɗa, Alhaji ya ce yana son a ajiye mata cinya guda ɗanya, in ta iso a yi mata farfesu, ga shi babu wuta, janaretonsa kuma ya mutu.

Bakina ya riga hankalina. "Baba, a kawo wurina. Nawa firijin bai san ɗauke wuta ba."

Ya ɗago ya dube ni, duba na gaske, irin wanda na yi shekaru ina jira. Ya ce, "To. Mu gani."

Na san fa firijin nan ba shi da lafiya. Amma na ce yau ce ranar da zan tashi daga mijin Hajara in zama mutum. Na saɓa cinya a kafaɗa, na hau moto, wato babur ɗin haya, ina ɗaga wa mutane hannu kamar ni na yanka ragon. Na tura ta ciki, na murɗa gas har ƙarshe, na ƙara wa tagogin nan leda, na danna kwaɗo a ƙofar firiji. Na yi rantsuwa ba zan buɗe ba, kar sanyi ya fita.

Da aka kwana biyu ƙudaje suka fara zuwa, manya, masu kore. Abakar ya leƙo yana toshe hanci. "Ita, ɓera ya mutu a wurinka ne?" Na ce, "Hassadarka ce ta mutu, je ka binne ta."

Ranar da Hajiya ta iso, maimakon Alhaji ya aiko, sai ga shi da kansa bayan la'asar, da abokansa biyu, wai su ga firijin da ake ta ba su labari. Na fito da makulli ina karkaɗawa. Na buɗe.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Warin bai fito ba, tsalle ya yi. Cinya ta kumbura, ta yi kore, tana tsatstsafo da ruwa, da ɗuminta kamar an sauke ta daga murhu. 'Yan moto da ke bakin lungu suka ja baburansu gaba. Ɗaya daga cikin abokan Alhaji ya kai hularsa hanci yana salati. Alhaji ya tsaya yana kallon naman matarsa.

Da mai hankali ne, da nan ya durƙusa ya ba da haƙuri, magana ta mutu a kan nama. Ni kuwa sai na ɗaga murya.

"Wallahi Baba aikin Abakar ne! Tun da na zo lungun nan yake bi na. Ku zo ku gani, yanzu zan zaƙulo muku layar da ya cusa!"

Na ja dattawa muka zagaya baya, mutane suka biyo mu, har mata masu soya ƙosai. Na fizge leda, na yage kwali, na ɓalle ragar sama. Zafi ya bugo mini fuska kamar bakin tanda. Na zura hannu na jawo buhu. Na jawo tsohuwar safa. Na sake zurawa na kamo wani abu mai tsawo, na yi ta ja, yana ta fitowa, na ɗaga shi sama don kowa ya shaida.

Shadda ce ruwan ƙasa, babbar riga, bayanta ya ƙone ya yi baƙi, aikin wuyanta a farke.

Abokin Alhaji ya sauke hula daga hanci ya ce, "Alhaji, wannan ba ita ce rigar da muka je tare ka ɗinka wa yaron nan bara ba?"

Ita ce. Alhaji ya ba ni ita a Sallar bara, ni kuma na ce mutumin da bai iya kiran sunana ba, me zai sa ya ba ni shadda in ba mallaka aka ɗinke a ciki ba, don 'yarsa ta juya ni? Na farke wuyan ina neman laya, ban samu ba, na ce to an wanke ta da rubutu ke nan, na wurga ta cikin tsumma. Da ya tambaye ni ita kuwa, cewa na yi na adana ta sai babban taro. Cikin zafin neman asirin Abakar na manta sam da abin da na ɗura a ramin nan.

Alhaji ya karɓi rigar, ya juya ta gaba da baya, ya dubi jama'ar da ta cika lungu, ya ce a hankali, "Ashe wannan ne babban taron."

Da ƙasa ta tsage da na shige, in ja ta in rufe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da Abakar ya yi. Ruwa mai ƙanƙara ya kawo wa dattawan, har ni ya miƙo wa. (Har gobe ina ganin da gangan ya yi.)

Firijin kuwa, ɗan banza, ko kara bai yi mini ba. Tun da aka fitar da tsumman nan na share yanar, washegari ruwa ya kusa daskarewa a ciki.

Bayan mako Hajara ta dawo daga gidansu da ƙunshi. Rigar ce, an wanke, an yi mata faci da wani yadi da ko kusa bai yi kama da ita ba. Ta ce, "Baba ya ce ka sa ranar Juma'a, kuma sahu ɗaya za ku yi." Na sa. Na tsaya kusa da shi da faci a gadon baya kamar allon talla, na sahun baya suna tari.

Abin da na koya shi ne, in ka toshe kowace kafa don kar maƙiyi ya shigo, zafin cikinka ya ishe ka dahuwa, ba sai ya wahala ba. Yanzu in Abakar ya ba ni shawara nakan gwada, amma sai na bari ya juya baya tukuna.