Bakan da Nomau Ya Kai wa Jatau

A Tungar Kanya, can bakin dajin da maharba ke shiga, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Ba yaro ba ne, furfura ma ta fara leƙo masa a gemu. Ba kuma mahaukaci ba ne, don bai taɓa jifan kowa ba. Matsalarsa ɗaya ce: duk maganar da aka faɗa masa haka zai ɗauke ta ɗungurungum, ya je ya aikata. Su uku ne a gidan: da shi, da matarsa Tabawa wadda ta daɗe da daina mamaki, da kawunsa Arzika, tsohon da ya riƙe shi tun yana maraya.

Kawu Arzika masassaƙin baka ne, haka ubansa, haka kakansa. A al'adar garin, duk wanda aka naɗa Sarkin Baka, wato shugaban maharba, daga gidan nan ake kai masa sabon baka ranar buɗar daji, ranar da ake fita farautar farko bayan girbi. In gidan ya kasa, aikin ya koma wani gida ke nan, kuma ba ya dawowa. To, a farkon daminar nan aka naɗa wani ƙato mai suna Jatau, daidai lokacin da hannun Kawu ya soma rawa har ba ya iya kai ludayi baki bai zubar da fura ba, ƙafafu kuma suka ƙi ɗaukarsa. Kawu ya duba gabas ya duba yamma, bai ga magaji ba sai Nomau. Ya kira shi ya ce, "Kai za ka yi bakan nan. Abin da na ce maka shi za ka yi, kada ka ƙara, kada ka rage." Tabawa tana bakin murhu ta ji, ta girgiza kai, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Wata rana Kawu ya ce, "Je ka daji ka saro reshen dargaza miƙaƙƙe. Tsayinsa ya zo daidai haɓar mai bakan." Nomau ya saɓi gatari ya nufi gidan Jatau, ya same shi tsaye a ƙofar gida, ya cusa masa tafin hannu ƙarƙashin haɓa. Jatau ya ce, "Lafiya, Nomau?" Ya ce, "Awo nake yi, ranka ya daɗe, kada ka motsa." Ya janye hannun a hankali, ya riƙe shi a sama yadda yake, ya kama hanya. Ƙuda ya sauka masa a hanci, bai kore shi ba. Yana dab da fita gari sai ga liman zaune a gindin tsamiya. Nomau kuwa akwai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya kwashi gaisuwa, hannun nan ya bi shi ƙasa. Da ya miƙe sai kansa ya ɗaure: shin a sama awon yake ko a ƙasa? Ya tuna ganinsa na ƙarshe da hannun dab da ƙasa yake, don haka ya mai da shi can, ya tafi daji a sunkuye. Da yamma ya dawo da ɗan guntun itace. Kawu ya shafa ya ce, "Jatau wada ya zama?" Nomau ya ce, "Ni ma abin ya ba ni mamaki, Kawu. Da safe dogo ne." Tabawa ta karɓi itacen ta yi muciya da shi. Kashegari Kawu ya ba shi igiya ya yi awo, ya kuma ce ya saro rassa da yawa, don ya fara gane inda aka dosa.

Wata rana Kawu ya ce, "Ɗanyen itace ba ya baka. Zaɓi mafi kyau ka ajiye a inuwa ya bushe, kada rana ta taɓa shi." Nomau ya jingina reshen a inuwar rumbu ya zauna yana gadi. Inuwa ta gusa, ya gusa da shi. Ta sake gusawa, ya sake ɗauka. Haka ya wuni yana zagaya rumbu, ciyawa na can tana cin gonarsa. Da rana ta take tsaka inuwar ta tsuke, sai ya kwanta rub da ciki a kan reshen har bayansa ya yi zafi. Ya ga wannan ba zai ɗore ba, ya yi ta tunani har ya gano wurin da rana ba ta taɓa shiga. Ya haƙa rami a bayan randa, inda ruwa ke tsiyaya kullum, ya binne reshen, ya bar ɗan kansa a waje don kada ya manta wurin. Bayan an kwana biyu ya zo wa Kawu da murna. Ya ce, "Kawu, bakan Sarkin Baka ya yi ganye." Tsohon ya dafe kai. Allah ya sa Tabawa ta riga ta cusa sauran rassan a rufin madafa, can suka bushe a hayaƙi ba wanda ya sa ta.

Wata rana, bayan damina ta yi nisa, Kawu ya miƙa masa gizago da wuƙa. Ya ce, "Tsakiya a bar ta da kauri, nan ne mariƙi. Bakin nan biyu kuwa ka feƙe su. Wanda ka ga ya fi kauri ka rage shi, har su zo daidai." Nomau ya zauna ya miƙe ƙafa. Ya sassaƙi na dama, ya duba, na hagu ya fi kauri. Ya sassaƙi na hagu, ya duba, yanzu na dama ne ya fi. Ya ce, "Wai ku ba za ku shirya ba?" Ya ci gaba, gumi na ɗiga, ɓawo na taruwa a cinyarsa. Kafin la'asar bakin biyu sun koma tsinke, iska ma lanƙwasa su take yi. Ya kai wa Kawu ya ce, "Saura kaɗan su daidaita." Kawu ya taɓa ɗaya da yatsa, ya ɓalle. Nomau ya ce, "Ka gani, yanzu wancan ya fi. Bari in ɗauko wuƙar."

Wata rana aka samu Nomau ya feƙe wani reshen yadda ya kamata, don Kawu ya zauna kusa da shi yana cewa "tsaya" a kan kari. Saura lanƙwasawa. Kawu ya ce, "Shafe shi da man kaɗe, ka riƙa juya shi bisa garwashi har ya yi laushi, sa'an nan mu tanƙwara." Ya faɗi haka, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Nomau ya kwashe man Tabawa kaf ya lafta, ya ɗora bisa wuta. Shi dai a duniya hanya ɗaya ya sani ta gane abu ya yi laushi a wuta. Ya juya, ya ɗauko, ya gatsa: da tauri. Ya mayar, ya ƙara itace, ya sake gatsawa: har yanzu. Ƙauri ne ya ta da Kawu. Ya tarar da Nomau baki duk gawayi, yana riƙe da abin da ya rage. Nomau ya ce, "Yanzu ya fara taunuwa, Kawu, amma ba daɗi." Wannan shi ne reshe na ƙarshe, ga shi kuma an gama yankan dawa.

Ana gobe buɗar daji gidan ya yi tsit. Kawu ya ƙi cin abinci. Nomau ya zauna a bakin zaure ransa a ɓace, don yana ƙaunar tsohon nan, kuma ya juya abin a ransa ta kowace fuska bai ga inda ya saɓa maganarsa ko sau ɗaya ba. Can Kawu ya sa Tabawa ta hau turmi ta zaro wani abu naɗe da tsumma daga rufin ɗakinsa. Baka ne, na ƙarshe da ya yi da hannunsa tun yana da lafiya, ya ajiye don ya riƙa tunawa. Baƙi wuluk, yana sheƙi, tsarkiyarsa ta fatar gada murɗaɗɗiya. Tsohon ya rungume shi kamar jariri.

Da gari ya waye ya miƙa wa Nomau. Ya ce, "Kai wa Jatau. Amma kafin ka ba shi, ka tabbata ba zai karye a hannunsa ba. Ɓauna ba ta jiran mutum ya sake baka." Abin da yake nufi a ɗana a ja sau ɗaya a gani. Nomau ya tsaya a hanya ya ɗana tsarkiya ya ja, bai karye ba. Har ya ɗaga ƙafa sai ya tsaya. Ai wannan a hannunsa ne bai karye ba, Kawu kuwa hannun Jatau ya ce. Jatau ya fi shi ƙarfi. Ya sake ja, shiru. To in bai karye yanzu ba, wa ya san an jima? Ya zauna a kan kututture ya rafka tagumi, ga gangar maharba na tashi a fili. Can fuskarsa ta washe, don ya gano abu ɗaya tak da ya tabbata ba ya karyewa: wanda ya riga ya karye. Ya yi bisimilla, ya sa gwiwa a tsakiya ya danna. Bai ma sa ƙarfi sosai ba ya ji ɓas.

Ya iso fili da guntu biyu, tsarkiya na reto a tsakaninsu. Maharba sun taru da karnukansu, mutanen gidan Cindo, wasu masassaƙan da ke jiran aikin ya faɗo hannunsu, suna gaba-gaba. Nomau ya durƙusa ya miƙa wa Jatau. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi in ji Kawu. Na tabbatar, ba zai karye a hannunka ba." Ganga ta tsaya. Wani ya zage shi, wasu suka fashe da dariya. Jatau ya karɓa fuska a murtuke, ya ɗaga guntun zai yi magana, sai wani gari mai laushi ya zubo daga karayar ya rufe masa yatsun ƙafa. Ya juya ɗayan, shi ma haka. Wani tsohon maharbi ya matso ya cusa tsinke a ciki, tsinken ya shige har ƙarshe. Maharbin ya ce, "Ƙwari sun cinye cikinsa, fata kawai ta rage. Ja kaɗan zai ƙara ɗauka ya watse." Kowa ya san Sarkin Baka ne ke fara tsayawa gaban ɓauna, kuma da sabon baka yake tsayawa.

Jatau ya daɗe yana kallon garin nan a ƙafarsa. Sa'an nan ya ɗaga murya ya ce, "Baka dai an kawo shi yau, kowa ya gani. Zan fita da tsohona. Gidan Arzika zan jira har baɗi." Ya mayar wa Nomau guntayen, ya dafa kansa ya sa masa albarka.

Labarin karyawar ya riga Nomau isa gida, sai dai rabinsa kawai ya iso. Ya tarar da Kawu yana hawaye. Ya zube ya ajiye masa guntayen, ya faɗi yadda aka yi. Tsohon ya zazzage garin a tafinsa, ya murza da yatsunsa, ya murza, ya kasa dainawa. Ya ce, "Da yau na kashe Jatau."

Nomau ya ce, "Kawu, daidai na yi ko kuskure? An zage ni, an kuma sa mini albarka. Ban gane ba."

Kawu ya share ido ya ce, "Ni ma ban gane ba, ɗan nan. Amma gobe ka goya ni mu tafi daji tare, a gabana za a yi komai."

Da safe Nomau ya aro zanin Tabawa da majanyinta, ya sunkuya ya ɗora tsohon a baya, ya ɗaure tamau kamar yadda ya ga mata na yi. Kawu ya buɗe baki zai ce ba sai da zani ba, sai ya ji ɗaurin ya riƙe shi da kyau, ya fasa. Suka ratsa gari mutane na dariya, Nomau na jijjiga shi kaɗan-kaɗan don kada ya yi kuka, tsohon kuwa ya kwantar da kai a kafaɗarsa yana nuna masa hanyar da dargaza take.