Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Manoman Auduga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu biyu a ka, ni Malam Shitu Maiwada, akawun ƙungiyar manoman auduga a Malumfashi, nake sanar da rasuwar kwamfutarmu da muke kira Tsohuwa. Ta cika ranar Talata da hantsi, 14 ga Maris 1989, tana da shekara biyar.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Ta haddace sunayen manoma dubu huɗu, da gonar kowa, da buhunan irin da za a ba shi. Ba ta taɓa ba ɗan Kafur rabon ɗan Ƙarfi ba. Kullum da safe sai ta yi "ƙirr, ƙirr, tit", sannan ta kama aiki.

Gata ne ya zama ajalinta. Faifan ajiyarta mai megabait ashirin ya cika, na dage sai an sa mata babba. Clement, mai gyara daga Funtua, ya kawo mai arba'in, ya kuma faɗa mini gaskiya: cikinta talatin da biyu yake ɗauka a haɗe, sai dai a raba faifan biyu. Na rantse ba za a raba ba, arba'in aka kawo, arba'in za ta ci. Ya girgiza kai, ya yi mata dabara, muka kwashe komai zuwa sabon, muka goge tsohon faifan. Wata bakwai tana lafiya lau. Ranar da ta wuce iyakarta, sai ta koma farko tana rubuta sabo a kan tsoho. Ta yi "ƙat, ƙat, ƙat", shi ke nan. Laifina ne, kada kowa ya zagi Clement.

Ta bar firinta ɗaya, da mayafinta na atamfa, da manoma dubu huɗu masu jiran iri, ga damina ta kusa. Ta kuma bar ni, wanda zai fita ya yi musu bayani. Littattafan rajista kuwa, ganin ta haddace su, tun bara na ba Barakatu mai ƙosai ta bakin tasha, tana naɗe wa masu saye ƙosai da su.

Za a kai ta sito ranar Asabar bayan la'asar, a kwantar da ita kusa da tsohuwar tafireta. Zaman makoki a ofis, kwana bakwai. Ba sai an kawo goro ko gumba ba. Amma duk wanda ya sayi ƙosai wurin Barakatu, in takardar tana nan, ko da mai ya jiƙa ta, don girman Allah ya taho da ita. Rubutuna ne, zan gane shi.