Ƙwan Zabuwa da Tsamiyar Sabis

A wani daji da ke bakin wani babban rafi, wayar hannu ta shigo wata shekara, kafin damina biyu babu dabbar da ba ta mallaki tata ba. Har Kunkuru ya samu, ko da yake kafin ya gama rubuta gaisuwar safe rana ta take tsaka. Matsala ɗaya ce, duk faɗin dajin nan sabis ba ya kamawa sai a gindin wata tsohuwar tsamiya da ke cikin fadama. Ba wanda ya san dalili, ba kuma wanda ya tambaya. Majalisa dai ta tattara ta koma can, kasuwa ta bi ta, hira ma haka. Sai ka ga Kura da Barewa zaune kafaɗa da kafaɗa, kowacce ta sunkuyar da kai tana latse-latse, ba wadda ta san da 'yar'uwarta. Dattawa suka ce zaman lafiya ne ya samu.

Aka buɗe zaure a cikin waya, aka zuba kowa da kowa. Kwana uku kacal aka yi ana shiri. Kwaɗo ya riƙa turo saƙon murya mai tsawon zuwa rafi da dawowa, abin da ke ciki bai wuce "kuna lafiya" ba. Hankaka kuwa duk abin da ya tsinta a intanet sai ya watso. Wata rana ya turo hoton mafarauta da karnuka, ya rubuta cewa ga su nan tafe. Dabbobi suka watse, Ɓauna ya karya ƙaho a gudu, Zomo ya kwana biyu a rami ba ci ba sha. Daga baya aka gano hoton na wata ƙasa ne, ya kuma shekara bakwai yana yawo.

Majalisa ta zauna ta kafa doka biyu. Ta farko, ba mai tura saƙo a zaure sai admin uku: Zaki shugaba, Dila sakatare, da Biri saboda saurin yatsunsa. Ta biyu, an haramta yin kururuwa da baki, kuma duk labarin da bai fito a zaure da hoto ko bidiyo ba jita-jita ne. Kowa ya yaba. Ba wanda ya tuna da Zabuwa, wadda tun kaka da kakanni danginta ne ke kwarmata wa daji idan sun hango masifa.

Ita Zabuwa ba ta damu ba a lokacin, don tana da abin da ya fi doka a gabanta. Ƙwai goma sha bakwai take kwanci a cikin ciyawa, ƙasa kaɗan da jingar da kakanni suka tare ruwan rafi da ita. Kwana ashirin ta yi a kai, saura mako guda su ƙyanƙyashe.

Wata safiya, bayan ruwan da aka kwana ana yi, ta ji sanyi a ƙarƙashin fiffikenta. Ta leƙa, sai ta ga jinga ta tsage, ruwa na tsiyaya. Tsagar ba wata babba ba ce. Da Gyado zai turo ƙasa sau uku Giwa ta taka sau biyu, shi ke nan. Ihu ya taho mata har maƙogwaro, ta tuna da doka, ta haɗiye abinta. Ta ja ciyawa ta rufe ƙwai, ta kama hanyar tsamiya da gudu.

Ta tarar da majalisa ta cika, shiru kamar ana zaman makoki. Ta durƙusa gaban Zaki ta ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. Jinga ta tsage daga wajen kuka mai rassa biyu. Da idona na gani, ga ƙafata ma da laka. Ƙwaina goma sha bakwai suna ƙasa da wurin, ba ni da hannun ɗaukarsu. Idan aka taimaka yanzu, aikin bai kai a sha ruwa a huta ba. Idan aka bari har yamma, Allah kaɗai ya san abin da zai faru."

Zaki yana kallon bidiyon zakunan wata ƙasa suna farauta, abin da shi rabonsa da yi tun shigowar waya. Bai ɗago ba, ya ce, "Sakatare."

Dila ya gyara murya. "Inna Zabuwa, sannu da ƙoƙari. Majalisa ta ji kokenki, ta kuma tausaya. To amma ina hoton?"

"Malam Dila, wayata ƙarama ce, ba ta ɗauka."

"To kin gani. Mu ba mu ce ƙarya kike yi ba, Allah ya kiyaye. Amma idonki naki ne ke kaɗai, ba za mu iya tura shi a zaure ba. Laka kuwa ko'ina akwai ta da damina. Tsaya ma in duba miki." Ya latsa, ya ja, ya sake latsawa. "Alhamdu lillahi. Na bincika intanet kakaf, babu labarin ambaliya a dajin nan. Masu hasashen yanayi ma sun ce yau rana za a yi. Ki kwantar da hankalinki."

Zabuwa ta juya wajen Giwa, wadda kowa ya sani da taushin zuciya. "Yaya Giwa, ke uwa ce. Taku biyu kawai nake roƙo."

Giwa ta ce, "Wallahi 'yar'uwa kin ba ni tausayi. Da zarar an sa a zaure zan gani, ni kuwa ba na wasa da saƙo."

Tsakaninsu bai kai tsawon haurenta ba.

Biri ya ce shi zai je ya ɗauko bidiyo, don dama masu bibiyarsa sun kwana biyu ba su gan shi ba. Ya tafi da hantsi, bai dawo ba sai bayan azahar. Da aka kunna, fuskarsa ce ta cika waya yana yaƙe haƙora yana gaida masoya, tsagar kuwa sai can gefen kunnensa ake ɗan hango wani abu baƙi. Majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce tsaga ce, wasu suka ce jelarsa ce. Kura ta rantse ta taɓa ganin bidiyon nan tun bara. Aka yi ta musu har la'asar, daga nan Dila ya kawo shawarar a kafa kwamitin tantancewa, aka shiga rigimar wanda zai shugabance shi.

A nan ne Zabuwa ta daina kuka. Ta miƙe ta kakkaɓe fiffike, ta ce cikin sanyin murya, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, na ɓata wa majalisa lokaci. Ƙwai ne kawai, baɗi ma a yi wasu. Ni dai abin da ya ɗan dame ni, ruwa idan ya gama da sheƙata ba shi da wata hanya sai ta fadama. Tsamiyar nan kuma ta tsufa, saiwarta duk a waje take. Amma tunda intanet ta ce babu komai, sai anjimanku."

Zaki ya ɗago kai. Wannan ne karo na farko a ranar da aka ga idonsa.

"Wace tsamiya?"

"Wannan da muke gindinta, ranka ya daɗe."

Ba a nemi hoto ba. Ba a nemi bidiyo ba. Zaki ya yi gurnanin da ya karya doka ta biyu da kansa, daji ya ɗauka. Zabuwa ta ji daɗi har ta yi tsalle, ta ce su biyo ta ta nuna musu tsagar.

Dila ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a yi tunani. Bakin rafi da nisa, kuma babu sabis a can. Idan muka yi aiki a inda ba sabis, ta yaya jama'a za su san mun yi? Tsamiya ce abin tsarewa, a kewaye ta da sabuwar jinga a nan, kowa na gani."

Haka aka yi. Gyado ya haƙa, Ɓauna ya tura da ƙahonsa ɗaya, Giwa ta taka, Biri ya ɗauka yana watsawa kai tsaye. Ban taɓa jin haɗin kai irin na ranar ba. Ƙasar da suka tara ta isa toshe tsaga goma irin waccan.

Zabuwa ta koma ita kaɗai. Da baki ta riƙa gangara ƙwai ɗaya bayan ɗaya zuwa tudu, tana zamewa a laka tana tashi. Ta kai na huɗu ke nan, ta juyo ɗaukar na biyar, jinga ta ɓalle. Ta tsaya a kan tudu tana kallon ruwa ya shafe ciyawar da ta kwana ashirin a ciki. Abin da ban tausayi ƙwarai. Kunkuru, wanda shi kaɗai ya taso taya ta, ya iso washegari.

Tsamiya ta tsira, sabis bai ɗauke ko na minti ɗaya ba. Dila ya rubuta ta'aziyya mai ratsa jiki a zaure, da hoton ƙwai masu kyau da ya samo a intanet. Aka buɗe zauren na yini guda don jaje, hotunan fuska mai hawaye suka yi ta zuba, Giwa ita kaɗai ta turo guda tara. Aka karrama Biri a matsayin wanda ya fara fasa labari. Zomo ya ce ko a sa Zabuwa cikin admin, aka ce shawara ce mai kyau, aka miƙa wa kwamiti.

Zabuwa ba ta bi sawun maganar ba. Ta reni 'ya'yanta huɗu, ta gaida kowa da fara'a. Tsohuwar jinga na nan a ɓalle, ba ta sake ambatonta ba. Da damina ta zagayo, dabbobi suka zo da safe suka tarar ta shimfiɗa ciyawa a gindin tsamiya, tsakanin mazaunin Zaki da dutsen da Dila ke ajiye waya, ta kwanta a kan ƙwai goma sha tara.

Ruwan shekarar ya fi na bara yawa. Ko ƙwai ɗaya bai jiƙe ba.