Injiniya Sallau Ya Yi Wa Kwamfuta Shara

Wani mutum ne a Funtuwa, sunansa Sallau. Rigunan waya yake sayarwa a bakin tasha, amma in ba ka ce masa Injiniya ba, ko waiwayowa ba zai yi ba. A cewarsa, kwamfuta in ta ji takunsa, da kanta take kunnuwa ta gaishe shi.

To, Sallau na neman 'yar Alhaji Barau mai shagon hoto. Rannan ya je gaisuwa, ya tarar Alhaji ya yi tagumi gaban kwamfuta, ga wasu mata dangin amarya sun cika benci suna jiran hotunan biki da ke cikin kwamfutar.

"Lafiya, Baba?"

"Ina fa lafiya! Nauyi take yi kamar ta ci tuwon dawa. Bari in aika a kira mai gyara."

Sallau ya bugi ƙirji, dam! "Mai gyara, ina raye? Matsa min, Baba."

Ya zauna, ya tanƙwasa yatsu, ƙas-ƙas. Ya yi ta danne-danne har ya ci karo da wata folda a kulle. Kwamfuta ta ce sai mai iko da ita ne zai shiga.

"Kun gani? Nan ɓarayin suka ɓuya! Baba, ba ni lambar sirrinka."

Alhaji ya raɗa masa. Folda ta buɗe, sai ga fayiloli rututu, sunayensu kamar kaza ta yi tsalle a kan madannai.

"Baba, kai ka ajiye waɗannan?"

"Ban taɓa ganinsu ba."

"To, cuta ce! Yau sai shara."

Bai san su ne hanjin kwamfutar ba. Ya tattara su kaf, ya danna gogewa. Kwamfuta ta tambaya ko ya tabbata.

"Ji rashin kunya! Ni za ki tambaya?"

Ta sake gargaɗi. Ya juya ga matan nan yana murmushi: "Roƙo take yi." Ya danna, ƙwas!

"Yanzu zan kashe ta in kunna, ku ga gudu. Kowa ya riƙe mayafinsa."

Ya kashe. Ya kunna. Ɗif.

Ya sake kunnawa. Baƙi ƙirin. Ya hura mata iska, ya ɗan mare ta a gefe, har da yi mata tofi a ɓoye. Zufa ta jiƙa masa shadda sharkaf. Uwar amarya ta miƙe tana ɗaure ɗankwali.

"Alhaji, ina hotunanmu?"

Alhaji ya dubi Sallau. Sallau ya dubi ƙofa, ya ga mata sun tare ta. Sai ya daki cinya.

"Af! Ashe wuta aka ɗauke!"

Ba ka jin komai a shagon sai fanka tana juyawa a sama, fur-fur-fur. Kowa ya ɗaga kai.

Alhaji ya sauke ido a hankali, ya ce, "To, ita wannan fankar fa, Injiniya? Da iskar bakinka take juyawa?"