Furannin Gonar Malam Buba

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen damina ba, ranar da na tafi Ƙofa ina taƙama da digirin aikin gona, na dawo da kunyar da har yau in na tuna sai gumi ya tsatso min a goshi.

Bari in fara da faɗin gaskiya. Ni haifaffen birnin Kano ne. Mahaifina ne ɗan Ƙofa, ni kuwa zuwana garin bai wuce na gaisuwar Sallah ko ta'aziyya ba. Duk da haka aikin gona na karanta a jami'a (ba zaɓina ba ne, shi aka ba ni), kuma na fito da sakamakon da mahaifiyata ta sa a gilas ta rataye a falo. A lokacin ina digiri na biyu, ina bincike a kan yadda karatun jami'a ke shirya matasa domin ayyukan gobe. Tun kafin in yi wa kowa tambaya na gama yanke hukunci a raina: mu masu digiri a shirye muke tsaf, masu ɗaukar aiki ne ba su waye ba. Shekarata uku ina yawo da takardu babu aiki, kun ga ai dole laifin ya zama na wani.

Ana haka sai Baffa Sale, ƙanen mahaifina, ya kira ni a waya. Ya ce ƙungiyarsu ta manoman dawa da masara, wadda ke da mutane daga Ƙofa zuwa Kiru har Burumburum, tana neman malamin gona.

"Na miƙe a gaban taro na ce kada a je nesa, muna da shi a gida," in ji shi. "Na ce ɗan yayana ne, in ya ba ku kunya ni na ba ku. To ka ji abin da na ɗaukar wa kaina."

Na ce, "Haba Baffa, ai kamar an gama."

Na yi lissafin jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: in karɓi aiki, in kuma raba musu takardun tambayoyin bincikena. Na sa shaddata mai ruwan toka, na goge takalmi sau ciki har yana ɗaukar ido, na rataya jakar kwamfuta. Wai gona za ni, jama'a.

Na tarar da dattawa sun kai ashirin a kan tabarmi a gindin wata ɗorawa. Na durƙusa na gaishe su yadda ya kamata, wannan kam ban yi kuskure ba. Shugabansu, Alhaji Garba, wani siririn dattijo mai magana a hankali, ya ce bismilla. Ai kuwa na saki baki. Na yi musu bayanin jirgi maras matuƙi mai feshin magani, da na'urar da ke auna danshin ƙasa ta aiko wa manomi saƙo a waya. Na ce nan gaba kaɗan fartanya sai a gidan tarihi. (Na faɗi wannan ina kallon mutanen da fartanya ta aurar musu da 'ya'ya, ta kai wasunsu Makka.) Baffa sai gyara zama yake yana duban na kusa da shi, alamar ku dai ku ji ɗana. Na raba takardun tambayoyi, kowa ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a kan cinya.

Da na gama, Alhaji Garba ya ce, "Madalla, Allah ya ƙara basira. Amma mu a nan ba mu ɗaukar mutum a kan tabarma. Gona muke kai shi, ta yi masa tambaya. Ga Malam Buba nan, bana gonarsa na ba shi ciwon kai. Mu je ka duba masa."

Malam Buba Bafulatani ne, makiyayi kuma manomi, dogo mai sanda a kafaɗa. Ya shige gaba, muka bi shi duuu a ƙafa.

Muna isa na ga dawar ba ta da lafiya. Ta maƙwabta ta wuce tsayin mutum ta fitar da kai, tasa kuwa ta tsaya iya ƙugu, ganyen ya yi rawaya kamar an babbake shi. Na murza ganye ɗaya na ce ƙarancin taki ne. Wasu suka gyaɗa kai. Da a nan na yi shiru, wallahi da yanzu wani labarin nake ba ku.

Amma ina! Sai idona ya sauka ƙasa. Tsakanin kararen dawar, ko'ina ka duba, wasu furanni ne masu ruwan shunayya, sun yi shar, gwanin sha'awa. Nan take na tuna wata lacca da aka yi mana a kan yadda manoman ƙasashen waje ke shuka furanni a gona domin jawo ƙudan zuma. Zuciyata ta ce, yauwa, ga inda za ka burge su.

"Malam Buba," na ce da ƙarfi don kowa ya ji, "ashe kai ne ɗan zamani a cikinsu! Wa ya koya maka wannan dabarar?"

Ya dube ni, ya dubi Alhaji Garba. "Wace dabara, ɗana?"

"Furannin nan mana. Ai wannan shi ne noman gobe."

Dattawan suka hau kallon juna. Ni kuwa na ɗauka mamakin ilimina ne ya kama su. Na tsuguna na tsinki guda na shinshina. Na ɗauke su hoto, na ɗauki kaina hoto a cikinsu. Na lalubi waɗanda suka fara bushewa na murje su a tafin hannu, wasu 'ya'ya ƙanana kamar garin kwalli suka zubo, na juye a aljihun gaba. Sannan na miƙe na kakkaɓe hannu na yi sanarwar da ta kashe ni:

"In Allah ya sa kun ɗauke ni, aikina na farko shi ne in tara irin furen nan in raba wa kowane ɗan ƙungiya. Kuma da gonar Baffana zan fara."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ban san wanda ya fara ba, amma sai da salati ya zagaye gonar. Wani dattijo ya riƙe baki. Wani ya ja da baya kamar na fito da maciji. Baffa Sale kuwa zama ya yi dirshan a ƙasa da farar rigarsa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Gonata?" ya ce. "Gonata za ka kai wa?"

Malam Buba ya sauke sandarsa daga kafaɗa. "Ɗan nan, don girman Allah, wasa kake ko da gaske? Shekara huɗu abin nan yana cin dawata. Ni da iyalina har bayanmu ya ƙage wajen tuge shi. Kai kuma ka zo kana shinshinawa?"

Alhaji Garba ne ya faɗa min, a hankali, yadda ake faɗa wa mutum rasuwa. "Malam, wuta-wuta ce."

Wuta-wuta! Ciyawar da ke kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse ta har ta ƙone a tsaye. Jama'a, na san ta. A jarrabawar aji uku shafi huɗu na rubuta a kanta, kuma ni na fi kowa maki. Amma hotonta da ke cikin takardar da malaminmu ya raba mana an yi ta buga shi a injin kwafi har ya zama baƙin dabbare. Ban taɓa ganinta a tsaye ba. Ko mafarki ban yi tana da kyau haka ba.

Maimakon in yi shiru, sai ruɗewa ta sa na fara karanto abin da na haddace: yadda tushe ɗaya ke zubar da iri mai ɗimbin yawa, yadda irin ke kwana a ƙasa shekara da shekaru, yadda ake karya lagonta da takin gida da sauya shuka zuwa gyaɗa ko waken suya. Malam Buba ya saurare ni har na gama.

"Duk gaskiya ka faɗa," in ji shi. "Ka san asalinta da danginta kaf. Fuskarta ce kawai ba ka sani ba."

Ba a bar ni na fita daga gonar haka ba. Aka sa na zazzage aljihuna a kan wata takarda, aka haɗa da furannin da na tsinka aka cinna musu ashana. Aka sa na tuɓe takalmi na buga su da juna, na kakkaɓe wando, dattawa ashirin suna tsaye suna sa ido kada ƙwaya ɗaya ta bi ni. Takardar da aka ƙona ɗin ma ɗaya ce daga cikin na bincikena. Alhaji Garba ya miƙo min tasa, bai rubuta komai ba. Ya nuna tambayar da ke cewa ko mai digiri zai iya kama aiki ranar da aka ɗauke shi, ya ce, "Wannan kai za ka cike, ka fi mu sanin amsar."

Aikin dai wata baiwar Allah 'yar Kiru aka ba, mai difloma, wadda ta tashi tana bin mahaifinta gona. Na ji an ce tun daga bakin hanya ta hango matsalar.

Baffa ne ya goyo ni a babur zuwa Kwanar Dangora in hau mota. Duk tsawon hanya ko tari bai yi ba. Na fi so ya zage ni. Sai da na sauka na durƙusa ina ba shi haƙuri sannan ya buɗe baki.

"Ba rashin sanin ne ya ƙona min rai ba, ɗana. Kowa da abin da bai sani ba. Amma ina tsaye kusa da kai, kafaɗa da kafaɗa. Da ka raɗa min, 'Baffa, wannan mene ne?', da na faɗa maka, ba wanda zai ji." Ya tayar da babur. "Shekara biyar a makaranta, ba a koya muku tambaya ba?"

Har ya juya ya tafi ina nan durƙushe, kwandastoci na kallona.

Tun daga ranar na shiga taitayina. Yanzu ko fure na gani a ƙofar banki, ba na cewa yana da kyau sai na tambayi maigadi sunansa da abin da yake kashewa.